MOTAR KWATANO: ARAHA KO ASARA?

Bayan gina gida da sauke farali, da wuya a sami burin da ya fi zama a zuciyar ɗan Arewa mai neman abinci a Kudu kamar ya koma garinsu da motar kansa. Mai tumatir a Mile 12, da mai shanu a Agege, da ɗan canji a tsibirin Ikko, da mai goro a Shagamu, da mazaunin Sabo a Badun, kowannensu yakan yi shekara da shekaru yana tari, har ran da zai doshi filin Berger da ke kan babbar hanyar Apapa zuwa Oshodi ya zaɓi wadda ta kwanta masa a rai. Wani don hawa yake saye, wani kuwa don ya sa ta haya a gida ta riƙa ciyar da iyali.

Amma a 'yan shekarun nan wannan buri ya zama abin fargaba. Kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, sa'an nan wanda ya yi ta maza ya saya ba shi da tabbacin isa gida da ita. Tsakanin Ikko da Kano akwai shingayen kwastan da dama, kuma motar da takardunta ba su cika ba a nan take kwana. Sau da yawa mai ita bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya biya kuɗinsa cif, dillali ya miƙa masa takardu masu hatimi, ashe na jabu ne, ko kuwa an biya rabin kuɗin fito an cinye rabi.

Saboda haka ya kamata a duba wannan al'amari tun daga tushe: yadda aka yi Nijeriya ta koma sayen tsofaffin motocin wasu ƙasashe, dalilin da ya sa hanyar motocin ta bi ta Kwatano, da kuma wanda ke ɗaukar asara duk lokacin da Gwamnatin Tarayya ta sake doka.

DAGA FIJO ZUWA TOKUMBO

Dattawa ba su manta da zamanin da ma'aikacin gwamnati kan karɓi rancen mota ya sayi sabuwa dal ba. A shekarar 1975, daidai lokacin da kuɗin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, na Volkswagen kuma a Ikko, kan hanyar Badagry. Daga baya aka sami masana'antun manyan motoci huɗu: Leyland a Badun, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, da na Mercedes a Inugu. A shekarun farko ta jirgin sama ake kwaso kayan Peugeot daga birnin Lyon na Faransa zuwa filin jirgin Kano, sa'an nan a ɗauke su zuwa Kaduna a haɗa. A farkon shekarun 1980 masana'antar Kaduna kaɗai takan fitar da mota fiye da 50,000 a shekara. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ma ta ƙayyade cewa manyan jami'anta su tsaya a kan Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo.

Sai dai akwai rauni a gindin wannan gini. Haɗawa ake yi, ba ƙerawa ba. Inji da giya da yawancin ƙarafa daga waje suke zuwa, da kuɗin waje kuma ake sayensu. Da farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, aka karya darajar Naira. Nairar da a farkon shekarun 1980 ta fi dala ƙarfi, kafin ƙarshen 1986 sai an ba da fiye da uku ake samun dala ɗaya. Nan da nan sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da akawu da ƙaramin ɗan kasuwa. Masana'antun suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya.

Jama'a kuwa ba su daina bukatar abin hawa ba. Jirgin ƙasa ya lalace, motocin haya na gwamnati ba su isa ba. Wannan giɓi ne tsofaffin motocin Turai suka cike. Yarbawa suka sa musu suna tokumbo, watau sunan da sukan raɗa wa yaron da aka haifa a ƙetaren teku. Wasu suka ce Beljiyam, domin ta tashar ruwan Antwerp ta ƙasar Beljiyam aka fi loda su. A Arewa kuma aka ce 'yar Kwatano. Da tafiya ta yi nisa Amurka da Kanada suka shigo kasuwar, motocin Toyota da Honda suka ture Fijo daga kan hanya.

ABIN DA YA SA KWATANO TA CI KASUWA

Mai karatu zai iya tambaya: Nijeriya tana da Apapa, tana da Tin Can da aka buɗe tun 1977, to me ya kai motar da za a hau a Sakkwato tashar ruwan Jamhuriyar Benin? Amsar tana cikin bambancin haraji da bambancin doka. Duk lokacin da Nijeriya ta tsawwala kuɗin fito, ko ta hana shigo da motar da ta wuce wasu shekaru, Benin takan bar ƙofarta a buɗe, ta karɓi ɗan abin da za ta karɓa. Ga shi kuma fitar da kaya daga Kwatano ya fi sauri, ba a fama da cunkoso da yawan hannuwa irin na Apapa. Akwai shekarun da motocin da aka sauke a Kwatano suka haura 200,000, alhali kuwa kowa ya san mutanen Benin ba su ne masu hawansu ba. Aka buɗe manyan filayen ajiye motoci a gabashin birnin, kan hanyar da ta nufi Seme, inda 'yan kasuwar Lebanon suka yi kaka-gida, masu saye kuma galibi 'yan Nijeriya ne.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta kusa ita ce ta Seme da Idiroko da ɓarauniyar hanya ta cikin dazuzzukan jihohin Ogun da Oyo da Kwara. Ta nesa kuwa ita ce wadda 'yan Arewa suka fi sani. A takarda akan rubuta cewa motar ta Nijar ce, ratsawa kawai take yi ta Benin. Sai a jera motoci ayari guda, direbobi su kama hanyar Parakou da Kandi har Malanville, tafiyar fiye da kilomita 700, su haye gadar kogin Kwara su shiga Gaya. Daga Gaya wasu kan sauka Kamba ta jihar Kebbi. Wasu su wuce Dosso da Dogon Dutse zuwa Birnin Ƙonni su faɗa Illela. Wasu su zarce Maraɗi su ɓullo Jibiya, wasu kuma sai Damagaram, su gangaro Maigatari. Motar da ta bi ta Maraɗi kafin ta ga Kano ta ci fiye da kilomita 1,500.

A kan wannan hanya dubban mutane suka rayu: direbobi, 'yan fito, makanikai, masu fenti, 'yan canjin sefa, masu abinci da masu masauki. Gwamnatocin Benin da Nijar sun sami kuɗin shiga mai yawa daga harajin ratse. Wadda ta tashi a tutar babu ita ce baitulmalin Nijeriya, domin da yawa daga cikin motocin ta daji suka shigo, wasu kuma an daidaita a bakin iyaka an biya abin da bai kai ya kawo ba. Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne fetal, kuma mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya. Tsare irin wannan iyaka da shinge da bindiga kaɗai abu ne mawuyaci.

DOKA BISA DOKA

In aka bi tarihin dokokin shigo da mota za a ga gwamnati ba ta taɓa tsayawa kan magana ɗaya ba. A farkon shekarun 2000 gwamnatin Obasanjo ta hana shigo da motar da ta wuce shekara biyar da ƙerawa. Aka yi ta sassautawa, har a 2010 aka kai wa'adin shekara 15. A 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da sabon tsarin raya masana'antar motoci, ta sa kuɗin fito kashi 35 cikin ɗari, da ƙarin haraji na wani kashi 35 a kan ƙananan motocin da aka gama haɗawa a waje, da nufin tilasta wa kamfanoni su zo su kafa masana'anta a gida. Abin da ya fara biyo baya shi ne jiragen ruwa suka ƙara karkata zuwa Kwatano.

Ganin haka, a watan Disamba na 2016 gwamnatin Buhari ta ba da sanarwar hana shigo da kowace irin mota, sabuwa ko tsohuwa, ta iyakokin ƙasa daga ran 1 ga Janairu 2017. A watan Maris na wannan shekara hukumar kwastan, ƙarƙashin Kanar Hameed Ali mai ritaya, ta ba masu motoci wata guda su je su biya kuɗin fiton da ake bin motocinsu. Majalisar Dattawa ta yi tsaye ta ce ba ta yarda ba, aka dakatar da shirin. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa gaba ɗaya, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020, lokacin da aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. A cikin 2019 ɗin ne kuma kwastan suka bi wuraren sayar da motoci a manyan birane suna garƙamewa, suna neman takardu.

Rufe iyaka ba sabon abu ba ne. An yi shi daga 1984 zuwa 1986, an kuma rufe ta Benin na 'yan kwanaki a Agusta 2003 saboda fashi da satar motoci. Kowane karo sakamakon iri ɗaya ne: ciniki yakan ja baya na ɗan lokaci, kuɗin 'yan fito ya ƙaru, sa'an nan a gano sabuwar hanya.

Canje-canjen ba su tsaya nan ba. Dokar kuɗi ta 2020 ta zabtare ƙarin harajin ƙananan motoci zuwa kashi 5. A 2022 aka mai da kuɗin fiton tsohuwar mota kashi 20, aka ɗora wani haraji na kashi 15, aka rage wa'adin shekaru zuwa 12. A shekarar ne kuma aka kawo tsarin ƙiyasta darajar mota da lambar jikinta ta hanyar kwamfuta, abin da ya jawo yajin aikin ejan-ejan masu fitar da kaya a tashoshin Ikko. A watan Fabrairu 2025 aka sa sabon caji na kashi 4 a kan kayan da ake shigowa da su, cikin 'yan kwanaki aka dakatar da shi. Ɗan kasuwar da ya yi odar mota yau, jirgi ya yi wata ɗaya ko biyu a teku, bai san dokar da zai tarar ran da ta iso ba.

Juyin mulkin da aka yi a Nijar ran 26 ga Yuli 2023 ya ƙara dagula lissafi. Ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi aka rufe iyakoki. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, hukumomin Yamai ba su buɗe gadar Gaya ba, kayan Nijar suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa mai haɗari. A Janairu 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso. Tsohuwar hanyar ayarin motoci ta sami babban cikas ke nan, direbobi da yawa na Kano da Katsina da Maraɗi suka rasa sana'ar da suka gada.

INDA KUƊIN KE TAFIYA

Duk da yawan dokokin nan, abin da ya fi karya bayan mai sayen mota shi ne faɗuwar Naira. Da dala ake ƙiyasta darajar mota, sa'an nan kwastan su juya ta zuwa Naira bisa farashin da Babban Banki ya ba su. Kafin watan Yuni 2023 ana lissafin dala ɗaya a kan wajen Naira 422. Da gwamnatin Tinubu ta saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 lissafin ya haura Naira 1,500.

A ɗauki misali da motar da kwastan suka yi wa kuɗi dala 5,000. Bisa tsarin 2022, kashi 35 nata dala 1,750 ke nan. A tsohon canji wannan bai wuce Naira 738,500 ba. A canjin 1,500 kuwa ya zama Naira 2,625,000. Mota ɗaya, doka ɗaya, amma kuɗin fito ya ninka fiye da sau uku. Wannan ban da harajin sayen kaya na kashi 7.5, da kuɗin kamfanin jirgi, da na tashar ruwa, da ladan ejan. Ita kanta motar da kuɗin dakonta a teku da dala aka biya su.

Kwatano ma ba ta zama mafaka ba, domin sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro. Jakar sefa da a shekarun baya ba ta kai Naira dubu ba, a 2024 ta haura Naira dubu biyu. Watau arahar da ake bin Kwatano dominta ta ragu ƙwarai. Abin da ya saura na rangwame shi ne kauce wa kuɗin fito, kuma a nan tarkon yake. In mutum ya ga mota iri ɗaya, shekara ɗaya, wani dillali ya sa mata kuɗi ƙasa da na sauran da Naira miliyan biyu ko uku, to ya tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

IRIN MOTOCIN DA KE SHIGOWA

Tsada ta kuma canza irin motar da ake kawowa. A watan Oktoba 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka zo. Rahoton ya nuna da yawansu ba su cika sharuɗɗan lafiya da na hayaƙi na ƙasashen da suka fito ba. Akwai iri huɗu da ya kamata mai saye ya yi hattara da su.

Na farko, motar haɗari. A Amurka in mota ta yi karo kamfanin inshora ya ga gyaranta ya fi ƙarfin darajarta, sai ya biya mai ita ya kai ta gwanjo. Irin waɗannan ake sayowa da araha, a kawo su Ikko a buge jiki, a nemo kayan gyara a kasuwar Ladipo, a fesa fenti, su fito kamar amare. In ƙashin motar ya lanƙwashe, ko jakar iskar da ke kare direba ta fashe ba a mai da wata ba, ido ba ya gani sai ran da tsautsayi ya faɗa.

Na biyu, motar ambaliya. Guguwar Harvey da ta auka wa jihar Texas a 2017 ta nutsar da dubun dubatar motoci. Motar da ta sha ruwa takan tashi lafiya ƙalau a filin dillali, bayan wata uku ko huɗu sai wayoyi da kwamfutarta su fara ciwon da makanike ba ya gane kansa.

Na uku, motar da aka juya wa sitiyari. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motar da ta dace da hanyoyin ƙasar nan ita ce mai sitiyari a hagu. Motocin Ingila da na cikin Japan a dama nasu yake, kuma dokokin hanya ba su yarda da su ba. Wasu kan sayo su da araha a yanke a mayar hagu. In aikin bai yi kyau ba, sitiyari ko birki na iya cin amanar direba yana tsakiyar gudu.

Na huɗu, motar sata. Satar motoci ta yi ƙamari a Kanada har gwamnatin ƙasar ta kira babban taro a kanta a Fabrairu 2024, kuma an tabbatar ana loda wasu a kwantena ta tashar Montreal zuwa Afirka ta Yamma. A watan Satumba 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka gano a Nijeriya. Manyan motocin jif na alfarma ɓarayin suka fi so, saboda haka mai kuɗi ma bai tsira ba.

WA KE ƊAUKAR ASARA?

A nan ne zancen ya fi shafar ɗan Arewa mazaunin Kudu. A idon doka, motar da ba a biya wa kuɗin fito ba kayan fasa-ƙwauri ce ko a hannun wa aka same ta, ko da ta yi shekaru tana yawo da lamba. Kwastan suna da rundunonin sintiri na shiyya a Ikeja da Kaduna da Owerri da Bauchi, kuma aikinsu bai tsaya bakin iyaka ba. Wanda ya shigo da motar ya ci ribarsa ya yi gaba. Dillali ya karɓi la'adarsa. Ejan da ya buga takardar jabu ba a san inda yake ba. Wanda aka kama da sitiyari a hannu shi ne mai laifi.

Mazaunin Ikko da ke yawo da motarsa tsakanin Agege da Obalende yana iya shekara ba wanda ya tambaye shi takardar kwastan. Ɗan Arewa kuwa dole ya bi doguwar hanya, ko ta Ilori da Jebba da Mokwa, ko ta Okene da Lokoja da Abuja, ya ratsa jiha bayan jiha da mota mai sabon fenti da kaya a bayanta. Shi ne ya fi kowa haɗuwa da shinge. Ga kuma wani rauni: yawancin cinikin 'yan Arewa bisa amana ake yinsa, da baki da shaidar ɗan'uwa, takardun kuwa da Turanci aka rubuta su. Amana abu ce mai kyau, amma jami'in da ke kan hanya ba ya karɓarta a madadin rasit.

A watan Maris 2024 gwamnati ta ba da kwana 90 ga masu motocin da aka shigo da su ba bisa ƙa'ida ba su je su daidaita kuɗin fitonsu. Wannan kansa shaida ce cewa hukuma ta san irin waɗannan motoci sun cika ƙasa, kuma da yawan masu su ba su ne suka yi fasa-ƙwaurin ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ga mai niyyar saye, shawara ta farko ita ce ya duba takarda kafin ya duba fenti. Ya nemi takardar shaidar biyan kuɗin fito mai ɗauke da lambar kwastan, da rasit na banki, da takardar fitar motar daga tashar ruwa. Kada ya tsaya ga ganinsu, ya kai su ofishin kwastan a tabbatar masa cewa na gaskiya ne kuma an biya cikakke, tun kuɗinsa na aljihunsa. Dillalin da ya ƙi yarda a yi wannan bincike ya riga ya ba da amsa.

Na biyu, kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a gindin gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ƙofa. Lallai ta yi daidai da wadda ke cikin takardu, ba ko harafi ɗaya da ya saɓa. In motar Amurka ce ko Kanada, da wannan lamba ana iya bincika tarihinta ta intanet da kuɗi kaɗan, a ga ko ta taɓa haɗari, ko ta sha ruwa, ko an mai da agogon tafiyarta baya. Na uku, ya je da makaniken kansa, ba na dillali ba, a ɗaga motar a duba ƙarƙashinta. Na huɗu, a rubuta yarjejeniya da sunan mai sayarwa da adireshinsa da shaidu, a biya ta banki don a bar sawu. Wanda kuma zai yi oda da kansa daga waje, ya fara tambayar kwastan dokar da ke aiki a lokacin game da shekarun mota da hanyar shigowa, tun da an ga yadda take sauyawa.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu suna da rawar takawa. Ba zai gagare su ba su ware mutum biyu ko uku masu ilmin boko da sanin aikin tashar ruwa, waɗanda duk ɗan'uwan da zai sayi mota zai nuna wa takardu kafin ya biya. Ladan da za a ba su bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ake asara ba.

Ita kuwa Gwamnatin Tarayya, shekara arba'in na gwaji sun isa darasi. Hani bai hana mota shigowa ba, hanya kawai ya sake mata, ya kuma azurta maƙwabta da 'yan fito. Hujjar da akan kafa ita ce kare masana'antun gida, kuma gaskiya ne akwai masu ƙoƙari, irin su Innoson a Nnewi da kamfanin Dangote da Peugeot da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 2022. Amma abin da suke fitarwa bai kusa biyan bukatar ƙasa ba, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin talaka. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta ba ta kammalu ba, kamfanonin taya na Michelin da Dunlop sun daina aiki a ƙasar nan tun wajen 2007 da 2008. Ba kuma a manta ba cewa a 2023 'yan Majalisar Tarayya manyan motocin jif na waje suka saya wa kansu, ba na gida ba.

Abin da zai yi magani shi ne a sa kuɗin fiton da mutum zai gwammace ya biya da ya bi daji, a bar shi ya daɗe ba a taɓa shi ba, a sauƙaƙe fitar da mota daga Tin Can, a kuma buɗe hanyar da kowa zai tabbatar da takardar mota cikin sauƙi a kowace jiha. In an kama motar jabu, a bi sawu har kan wanda ya shigo da ita da jami'in da ya sa hannu, kada a tsaya kan bawan Allahn da ya sayar da shanunsa ya saya.

Kafin a kai ga haka, wanda ke shirin tafiya gida da mota bana ya riƙe abu ɗaya: gara ya ƙara wata shida yana tari ya sayi mai cikakkiyar takarda, da ya yi gaggawa ya bar guminsa na shekara goma a harabar kwastan rana na dukansa. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Allah ya kai kowa gida lafiya.